Babi na Shida: Me Ya Sa Take Fizga Idan Na Taka Totur?

"Sati biyu ke nan da na canza fulogi, me ya sa har yanzu motar nan take fizga?" Duk wanda ya taɓa zaman jira a kan bencin gareji, ko a Bachirawa ne a bakin titin Katsina, ko a Rijiyar Zaki, ya ji wannan tambaya. Mai motar zai ce da safe tana tashi bugu ɗaya, a cikin gari tana tafiya sumul, amma da ya fita fili ya danna totur don ya wuce tirela sai ta fara cijewa tana fizga, wani lokaci har da tari a salansa. Bakanike ya ce, "Alhaji, missin take yi." A aiki yaro ya sayo fulogi 4, a ɗaura, ta yi kwana uku lafiya, sannan ta koma gidan jiya.

Wannan ƙorafi ya yawaita ne saboda motocin da ke shigowa garejin Ungogo sun canza. Bakaniken da ya tashi yana gyaran babur da injin ban-ruwa da Golf ɗin haya mai ɗaukar buhunan gero daga Fanisau zuwa birni, yau sai ga shi an kawo masa Passat ko Audi A4 mai injin 1.8T, ko Peugeot 508, ko Honda Accord ta 2018, ko Lexus NX, dukkansu masu turbo. Kuma da wuya ka samu wadda take yadda kamfani ya fitar da ita. An cire mata wani abu, ko an ƙara mata, ko an sake mata inji ɗungurungum. A irin wannan mota, fulogi yakan lalace ne saboda wani abu daban ya lalata shi, kuma muddin ba a gano wannan abin ba, sabon ma haka zai bi sahun tsohon.

Abin da ke faruwa a cikin silinda

Injin fetur yana aiki da bugu huɗu, tsarin da Bajamushe Nikolaus Otto ya fitar a 1876. Fistin ya sauka ya zuƙo iska da mai, ya hau ya matse su, fulogi ya ƙyasta wuta cakudar ta kama ta turo fistin ƙasa da ƙarfi, sannan ya sake hawa ya kori hayaƙi. Idan allurar inji tana kan 3,000, kowane fulogi yana ƙyasta wuta sau 25 a daƙiƙa guda. Missin shi ne silinda ɗaya ta tsallake nata turin, ko sau ɗaya a cikin ɗari, ko a kowane zagaye.

Abu uku kawai silinda take buƙata kafin ta kama: wuta mai ƙarfi a daidai lokacinta, cakudar iska da mai daidai gwargwado, da matsi. Gwargwadon da ake nema shi ne kilo 14.7 na iska ga kowane kilo 1 na fetur. Duk wani missin da ka taɓa ji, ɗaya daga cikin ukun nan ne ya gaza. Fulogi kuwa ɓangare ne kawai na na farkon.

Kada a raina shi don motar tana tafiya. Fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke baƙin man da ke jikin silinda, ringi ya riƙa gogar ƙarfe a bushe, wani kuma ya gangara ya tsinka man injin. Sauran ya fita ɗanye ya je ya kama wuta a cikin turbo ko a cikin indomin salansa, wato matatar hayaƙin da ke cikinta. Shi ya sa idan wutar cek ta fara ƙiftawa maimakon ta tsaya cak, ma'anarta missin ɗin ya kai matakin da zai narkar da indomi. A nan sai a ɗaga ƙafa daga totur nan take.

Yadda turbo ya canza lissafi

Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar dabarar turbo a 1905. Aikinsa irin na zugazugin maƙeri ne: a tura wa wuta iska fiye da wadda za ta samu da kanta, sai ta ƙara ci. Hayaƙin da ke fita daga inji shi ke juya wata 'yar fanka, wadda takan yi zagaye sama da 150,000 a minti ɗaya, ita kuma ta juya 'yar'uwarta da ke cusa iska cikin silinda. Da haka ƙaramin inji mai lita 1.5 yake yin aikin da sai mai lita 2.4 yake yi a da.

To ga inda gizo ke saƙar. Tartsatsin wuta tsalle yake yi daga tsinin tsakiyar fulogi zuwa lanƙwasasshen ƙarfen da ke kansa, ta cikin iskar da ke tsakaninsu. Gwargwadon yadda aka matse wannan iska, gwargwadon yadda tsallen yake wahala. Friedrich Paschen ya tabbatar da wannan tun 1889: ƙarfin lantarkin da tartsatsi yake buƙata yana ƙaruwa da faɗin tazarar da kuma matsin iskar da ke cikinta. A fili, bolt dubu kaɗan sun isa wuta ta tsallake milimita 1. A cikin silinda, bayan turbo ya cusa iska fistin kuma ya matse ta sau tara ko goma, abin da ake buƙata yakan haura bolt 25,000. Kwayil ne yake ɗaga bolt 12 na batir zuwa wannan adadi, kuma yana da iyakar da ba zai wuce ba.

Wannan ne ya sa gwajin da muka saba yi yake ruɗar mu. A zaro fulogi, a dafa shi a jikin inji, a ce wa yaro ya ba ta ki, a ga wuta shuɗiya tana tsalle, a ce, "Wuta lafiya lau." A kan injin ban-ruwa ko babur, wannan gwaji yana da amfani, kuma waɗanda suka koya mana shi ba su yi kuskure ba. Amma a mota mai turbo, abin da ya nuna kawai shi ne kwayil bai mutu murus ba. Kwayil ɗin da rabin ƙarfinsa ya tafi zai ba ka wuta mai kyau a fili, zai riƙe silo, zai kai ka Kurna ya dawo da kai, amma da turbo ya cika iska sai ya kasa. Idan kuma ta kasa tsallakewa a bakin fulogi, wutar ba ta haƙura. Takan nemi hanya mafi sauƙi, ta bi ta gefen farin tangaran ɗin fulogi, ko ta huda robar kwayil ta faɗa jikin inji.

Saboda haka kamfanoni suke rage tazarar bakin fulogi a injin turbo. Yawancin motocin Japan marasa turbo suna amfani da milimita 1.1. Masu turbo kuwa yawanci 0.7 ne zuwa 0.8. Bambancin bai kai kaurin farce ba, amma shi ne tsakanin motar da ke ja da wadda ke fizga. Kuma tazarar ba ta tsayawa wuri ɗaya, kullum wuta tana cin ƙarfen, bakin yana ƙara buɗewa.

Motar da aka taɓa

A Turai ko Amurka, idan aka ce an yi wa mota mai turbo gyaran ƙarin ƙarfi, ana nufin an sake rubuta umarnin ƙwaƙwalwarta, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, don turbo ya ƙara cusa iska. A Kano ma akwai samarin da ke yin haka, musamman masu sha'awar wasan mota, kuma wasu motocin da ke shigowa ta Kwatano da Legas sun zo da wannan gyara tun daga can, wanda ya saya bai ma sani ba. Idan iskar ta ƙaru, fulogin da kamfani ya rubuta a littafi ya daina dacewa. Masu injin 1.8T da suka yi wannan gyara sukan rage tazara zuwa 0.7, su kuma koma fulogi mai saurin zubar da zafi.

Akwai kuma wani bawul da samari ke ɗaurawa don motar ta riƙa yin "fishsh" duk sanda aka canza giya. A motar da take da sensa mai auna iskar da ke shiga, wannan bawul yana zubar da iskar da ƙwaƙwalwa ta riga ta ƙirga ta ware mata mai. Man ya shiga, iskar babu, sai inji ya shaƙe, baƙin hayaƙi ya fita, fulogi ya yi baƙi. Na fahimci sha'awar ƙarar, amma duk mai son ta ya san da fulogi da fetur yake biya.

Sai dai mafi yawan taɓin da ake yi wa motoci a nan ba na neman gudu ba ne. Na farko shi ne cire indomi. Ana cire shi don ya toshe, ko don a sayar, tunda akwai ƙarafa masu tsada a cikinsa irin su filatinam da faladiyam da rodiyam. Da an cire shi hayaƙi yana fita ba tangarɗa, turbo ya riƙa cika da wuri, wani lokaci ya zarce abin da aka tsara masa. Abin da ya fi damuna shi ne wutar cek takan kunnu ta zauna dindindin, mai mota ya saba da ita, har wani ya liƙa mata sitika. Ranar da matsala ta gaskiya ta zo, babu abin da zai faɗa masa.

Na biyu, cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye, wai don ƙasarmu da zafi. Injin da aka yi wa haka ba ya kaiwa zafin aikinsa, musamman da sanyin hunturu ko a gajeriyar tafiya daga Ungogo zuwa Sabon Gari. Ƙwaƙwalwa tana ganin inji bai ɗumama ba, sai ta ci gaba da ƙara mai. Fulogi ya yi ta tara baƙi, mai mota ya yi ta kukan shan mai.

Na uku sabo ne. Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, mutane da yawa suka fara mayar da motocinsu masu amfani da iskar gas ta CNG. Dabara ce mai kyau idan ƙwararre ya yi ta, domin gas yana jure matsi fiye da fetur, abin da injin turbo yake so. Amma gas ya fi fetur wuyar kamawa, yana neman wuta mai ƙarfi, kuma ba ya sanyaya bakin fulogi yadda ɗigon fetur yake yi. Kwayil da fulogin da suke lallaɓawa a kan fetur, da an juya zuwa gas sai asirinsu ya tonu. Idan motarka tana tafiya lafiya a kan fetur amma tana fizga a kan gas, kafin ka koma ka yi faɗa da wanda ya ɗaura maka tukunya, a duba wuta tukuna. Sau da yawa sabon fulogi mai tazarar 0.7 yakan kashe maganar.

A fara da tambayar yaushe

Kafin a taɓa sifana, bakanike ya zauna da mai mota ya tambaye shi yaushe abin yake faruwa. Amsar nan takan rage rabin aiki.

Idan sai an danna totur sosai, a kan hawa ko wajen wuce wata mota, kuma da an sassauta sai ta daidaita, to zargi na farko yana kan wuta: tazarar fulogi ta buɗe, ko kwayil ya gaji. Na biyu yana kan famfon mai da ya kasa kawo abin da ake nema. Idan kuma a tsaye take rawa, a danja ko a cikin cunkoson Kurna, amma da an taka sai ta sake, a nemi inda iska take satar shiga ta wani hos da ya tsage, ko nozul da ya toshe, ko bawul da ba ya rufewa da kyau. Wadda take yi da sassafe na minti ɗaya ko biyu sannan ta daina, musamman in ruwan lagireto yana raguwa ba a ga inda yake zuba ba, wannan a ji tsoron gasket, ruwa ne yake kwana a cikin silinda. Wadda sai ta yi zafi take farawa, yawanci kwayil ne, domin siririyar wayar da ke naɗe a cikinsa takan buɗe idan ta ɗauki zafi, kuma a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano yake haura digiri 40, ƙarƙashin bonet ɗin mota mai turbo ba wurin wasa ba ne.

Sai a tambayi abin da ya faru kafin ta fara. An wanke inji da ruwan famfo mai ƙarfi? An shiga kududdufi a hanyar gona da damina? Ruwa yana taruwa a ramin fulogi ya ba wuta hanyar gudu. An sha mai a wajen 'yan bumburutu, ko a wani gidan mai da ba a saba ba? Masu mota ba su manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da kamfanin NNPC ya amsa cewa fetur ɗin da aka shigo da shi daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam yana ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙima, motoci suka yi ta lalacewa. Idan duk silindodi suka fara missin rana ɗaya bayan shan mai, babu dalilin zargin fulogi.

Na'ura da musanye

Duk motar da aka yi don kasuwar Amurka daga 1996, ko mai fetur ta Turai daga 2001, tana da wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'urar bincike. Ƙwaƙwalwar mota tana lura da juyawar inji, duk sanda silinda ta tsallake turi takan ji ɗan jinkirin, ta rubuta. Lambar P0301 tana nufin silinda ta 1, P0302 ta 2, haka har ƙarshe. P0300 kuwa tana nufin missin ɗin yana yawo, ba shi da gida ɗaya. Idan P0171 ta biyo baya, iska ta fi mai yawa. Yanzu akwai ƙananan na'urori masu haɗuwa da wayar hannu, kuɗinsu bai kai na saitin fulogi mai kyau ba, kuma a ganina bai kamata a samu garejin da ke karɓar mota mai turbo ba tare da ita ba.

Amma na'ura silinda kawai take nunawa, ba ta faɗin abin da ya lalace a cikinta. A nan musanye yake shigowa, kuma ba ya cin ko kwabo. A ce ta nuna P0302. Bakanike ya kashe mota, ya zare kwayil na 2 ya kai shi rami na 4, ya kawo na 4 zuwa na 2. Ya kwance fulogi na 2 ya musanya shi da na 1. Ya goge lambar, ya fita da motar kan titin Katsina, ya sa giya ta uku ya danna har turbo ya cika. Ya dawo ya sake jonawa. In ta koma P0304, kwayil ne. In ta koma P0301, fulogi ne. In ta tsaya a P0302, to wuta ba ta da laifi, a koma kan nozul da matsi. Aikin rabin awa ne, kuma a ƙarshensa abu ɗaya za a saya maimakon takwas.

Wata al'ada da ya kamata a bari ita ce zare kwayil daga kan fulogi inji yana aiki don a ji ko sauti zai canza. Wutar da ba ta samu wurin sauka ba takan koma ta huda kwayil ɗin, wani lokaci ta taɓa ƙwaƙwalwa. Wanda yake son wannan gwaji, soket ɗin nozul zai cire.

Masu Volkswagen da Audi su san cewa kwayil ɗin motocinsu yana da tarihi. A 2003 kamfanin ya amince zai canza kwayil a motoci sama da rabin miliyan a Amurka, ƙirar 2001 zuwa 2003, da yawansu masu injin 1.8T. Irin waɗannan motoci suna nan suna yawo a titunanmu da shekara 20 da ɗoriya a kansu.

Karanta fuskar fulogi

Idan an kwance fulogi, kada a watsa su cikin kwano ɗaya. A jera su a kan kwali yadda suke a inji, 1, 2, 3, 4, a fito da su rana a duba. Abin da ake nema shi ne wanda ya bambanta da 'yan'uwansa.

Lafiyayyen fulogi bakinsa a bushe yake, launinsa tsakanin toka-toka da ruwan ƙasa mai haske. Baƙi busasshe mai laushi wanda yake kama yatsa yana nuna mai ya yi yawa, ko inji ba ya ɗaukar zafi, ko iyakilina ta toshe. Wannan na ƙarshe ruwan dare ne a Ungogo, inda mota take bin jar hanya tsakanin gonaki, ga ƙurar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Baƙi mai maiƙo da sheƙi kuwa baƙin mai ne, daga ringi ko robar bawul ko turbo da ya fara zubarwa. In man a saman fulogi yake, wajen da kwayil ke zama, bakin kuma a bushe, to robar murfin inji ce take yoyo, gyara mai sauƙi. Fulogi ɗaya da ya fito fes kamar an wanke shi alhali sauran suna da launi, ruwan lagireto ne yake shiga wannan silinda.

A juya shi a duba farin tangaran na sama. Idan aka ga wani siririn layi baƙi ya sauko daga kai zuwa gindi, kamar an ja da fensir, aka kankare da farce bai fita ba, wannan sawun wuta ne. Ta saba bin nan, kuma ta bar irin wannan sawu a cikin robar kwayil. In aka sa sabon fulogi a tsohuwar robar, cikin 'yan kwanaki za ta zana masa layin. Wannan shi ne sirrin motar da take yin kwana uku lafiya bayan an canza fulogi. Dole a canza su tare. Amma zoben ruwan ƙasa da ke zagaye gindin tangaran, daidai inda ya haɗu da ƙarfe, ba komai ba ne, ƙura ce da lantarki ya jawo, kuma an zubar da fulogi masu kyau da yawa saboda shi.

Wanda ya fi kowanne haɗari shi ne fari fat mai ƙuraje, ko mai ɗigo-ɗigon ƙarfe a jikin tangaran, ko wanda bakinsa ya narke ko ya gutsure. Wannan silinda tana ƙuna. Ko mai ya yi kaɗan, ko iska ta yi yawa, ko fetur ɗin ba ya jure matsi yana fashewa kafin lokaci. Yawancin injinan turbo na Turai an tsara su ne da fetur mai lambar okten 95, namu kuwa yana wajen 91. Ƙwaƙwalwa tana iya rage wa inji ƙarfi don ta kare shi, amma idan an riga an sake mata umarni don ta ƙara iska, wannan kariya ta ragu. Ɗigon da ake gani a jikin fulogin nan narkakken fistin ne. Motar da ta nuna haka a ajiye ta, kada a ce bari a lallaɓa zuwa Ɗambatta a dawo.

A kasuwa

Wanda ya shiga Ƙofar Ruwa da tsohon fulogi a hannu yakan ce a ba shi irinsa, mai shago ya gwada zare da tsawo, in sun yi daidai shi ke nan. Lambar da ke jiki ita ya kamata a karanta. A ɗauki BKR6E-11 na kamfanin NGK. Harafin R yana nufin akwai abin da ke hana wutar damun ƙwaƙwalwa da rediyo, kuma motar zamani ba ta yi sai da shi. Lamba 11 ta ƙarshe tana nufin tazarar milimita 1.1. Zarensa zai shiga injin 1.8T lafiya, amma wannan inji 0.8 yake nema, don haka daga ranar farko za ta fizga. Lamba 6 kuwa tana nuna saurin zubar da zafi. Bakin fulogi yana son ya zauna tsakanin digiri 500 da 800: ƙasa da haka ba ya ƙone dattin da ke taruwa a kansa, sama da haka shi da kansa yake zama garwashi ya kunna mai kafin lokaci. A wajen NGK da Denso, babbar lamba ta fi zubar da zafi. A wajen Bosch akasin haka ne, kuma wannan ya jefa mutane da yawa cikin kuskure. Motar da aka ƙara wa iska sosai takan matsa mataki ɗaya, daga 6 zuwa 7. Wadda ba a ƙara mata komai ba kuma aikinta kai yara makaranta, ta zauna a kan lambar kamfani.

Fulogi mai tsinin iridiyam ya dace da turbo saboda tsininsa siriri ne, milimita 0.4 zuwa 0.6, wuta ta fi saurin tashi daga siririn tsini, ƙarfen kuma sai zafi ya haura digiri 2,400 yake narkewa. Tsadarsa ce ta sa jabunsa ya cika duniya, har NGK da Denso suka sha fitar da gargaɗi a kai. A duba rubutun jiki ko ya yi dishi-dishi, a duba zoben gindi ko yana zamewa ya faɗo, a duba tsinin ko an yi masa walda mai tsabta. In farashin ya yi rabin na sauran shaguna, araha ba ta ado. Tsinin jabu yakan narke ya ɓalle, ya bi hayaƙi ya daki fankar turbo. Wanda aljihunsa bai kai ba, gara ya sayi na talakawa na asali mai lambar da ta dace, ya riƙa canzawa duk kilomita 20,000, da ya sayi iridiyam na ƙarya.

Wajen ɗaurawa, a bari inji ya huce, a hure ƙurar ramin kafin a kwance tsohon. A fara murɗa sabon da hannu har ya zauna, sannan a ƙara kamar rabin zagaye da sifana. Kan inji alminiyam ne, ba ya son ƙarfi. A auna tazara da ma'auni, ba da ido ba, kuma in na iridiyam ne kada a dogara komai a kan tsinin.

Idan wuta ba ta da laifi

Idan musanye ya nuna missin bai bi kwayil ba bai bi fulogi ba, sai a auna matsin kowace silinda da agogon awo. Bai kamata wata ta gaza sauran da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba. A musanya nozul kamar yadda aka yi wa kwayil. A bi hos-hos ɗin da ke tsakanin turbo da inji da hannu, a nemi tsaga ko maiƙo ko kilif da ya saki. Injinan da ke fesa mai kai tsaye cikin silinda, irin na Peugeot 508 mai turbo, suna da tasu cutar: datti yana daskarewa a bayan bawul ɗin shigar iska tunda fetur ba ya bi ta nan balle ya wanke shi, sai mota ta riƙa rawa da safe. Wannan sai an buɗe an kankare, maganin zubawa a tanki ba ya kaiwa wurin.

Sau da yawa a wannan babi bincike ya ƙare a kan zafi, ko inji ya yi sanyi fiye da kima, ko silinda ta ƙuna, ko kwayil ya gasu. A babi na gaba za mu buɗe bonet mu bi hanyar ruwa da ta baƙin mai: me tamostat yake yi da har cire shi yake jawo asara, wane irin mai turbo yake buƙata a zafin Kano, kuma me ya sa kashe mota nan take bayan doguwar tafiya daga Katsina yake rage wa turbo kwana.